Minti Ukun Anti Sikira

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye ina goge yunifom, ina sauri kada a sake ɗauke wuta, sai wayata ta yi ƙara. Grace ce, abokiyar aikina. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Hadiza, Anti Sikira ta rasu. Bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na manta da dutsen guga a kan rigar, sai da na ji ƙauri na farga.

Yanzu na dawo daga gidan rasuwar a Dogarawa. Na kasa wucewa gida, na tsaya a wani kafe na intanet a nan Samaru ina rubuta wannan. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri. Kuma ba duka ne mai daɗin ji ba, musamman inda ya shafe ni.

Sunanta Sikiratu. Iyayenta Yarabawa ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta tela ne a bayan kasuwa. In tana Hausa ba ka gani ba, za ka rantse daga cikin birni ta fito. Nas ce, ta yi sama da shekara ashirin a wani asibitin kuɗi a Sabon Gari. Ba zan faɗi sunan asibitin ba. A nan na same ta lokacin da na gama makaranta na kama aiki, kuma har yau a nan nake.

Watana biyu da farawa aka kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu, zazzaɓi ya hau mata kai tana sanƙarewa. Ina riƙe da hannunta ina neman jijiya, sai yarinyar ta cika. Uwar ta kama min riga tana cewa in sake gwadawa, in sake gwadawa. Na fizge na gudu sito, inda muke ajiye zannuwan gado, na rufe ƙofa. Na fashe da kuka.

Anti Sikira ta biyo ni. Ba ta ce in daina kuka ba.

Ta ce, "Zauna a kan kwalin nan. Ajiye tafin ƙafarki duka biyu a ƙasa. Sa hannu ɗaya a cikinki."

Na yi.

"To ja numfashi ta hanci, a hankali, ki sake shi. Kada ki kori tunanin yarinyar, ba zai koru ba. Ki dai bi iskar, shigarta da fitarta. In hankalinki ya gudu ki dawo da shi, ba faɗa."

Ta zauna kusa da ni tana kallon agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta. Da minti uku suka cika ta ce, "Tashi ki wanke fuska. Uwar nan tana buƙatar wanda zai riƙe ta, kuma ke ta sani."

Na koma na riƙe matar har mijinta ya iso. Da ba don Anti ba, ranar zan ajiye aikin nas.

Daga baya ta gaya min inda ta samo abin. Wata likita ce 'yar Indiya da suka yi aiki tare lokacin tana budurwa. Ta ce matar ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ko da ɗakin haihuwa ya cika ya batse, shi ya sa wata rana ta tambaye ta sirrin.

Kullum da safe, in masu tashi sun miƙa wa masu kama aiki rahoto, sai Anti ta ce, "Wa ke da minti uku?" Ba dole. Wanda ya ga dama ya ja kujera. Wata rana mu huɗu, wata rana mu goma har da masu shara da mai ɗaukar jini na lab. Mu zauna shiru, ana jin hon ɗin 'yan acaɓa daga titi, ita kuma takan ce a ji shi kawai, kada a zage shi a zuci.

Wani ya taɓa tambayarta ko wannan ba addinin Indiyawa ba ne. Ta yi dariya ta ce, "Ba salla ba ce, kuma ba ta ɗauke wa kowa salla. Numfashi ne. Ni da Grace addininmu daban, amma hancinmu iri ɗaya ne."

Akwai kuma na wanke hannu. Takan ce, "In kina wanke hannu, ki wanke hannu kawai. Ji sanyin ruwan, ji santsin sabulun. Wannan ɗan lokacin naki ne, ba na likita ba, ba na mijinki ba."

Ni dai na ga amfaninsa a jikina. Na rage yi wa masu jinya tsawa. Na rage komawa gida in huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Grace da ba ta rabuwa da maganin ciwon kai a aljihu, sai ta yi sati ba ta sha ba.

Amma kullum Anti tana maimaita mana abu ɗaya: "Wannan ba barci ba ne, ba abinci ba ne, ba hutu ba ne. Yana dai hana ki juye wa mara lafiya abin da ba shi ya ɗora miki ba."

Ƙananan abubuwan da ta yi min ba su ƙirguwa. Alale take kawo min a kwano mai murfi, don ta lura ba na karyawa kafin in fito. Sallar farko bayan aurena ita ta karɓar min aiki, alhali ita ma tana da 'ya'ya da baƙi a gida. Ranar da wani likita ya jefe ni da fayil a gaban marasa lafiya, ita ta tsuguna ta tsince takardun, ta miƙa masa, ta ce, "Likita, ka yar da abu." Har ya bar asibitin bai sake jifan kowa ba.

Sai mai asibitin ya tsufa, ya miƙa wa wani ɗan'uwansa ragamar ofis. Manaja muke ce masa. Daga zuwansa, duk nas ɗin da ta tafi ba a ɗauko wata. Ɗakin mata da muke riƙewa mu huɗu ya koma mu biyu. A tashi aiki a ce ki zarce don mai karɓar ki ba ta zo ba. Ƙafafunmu suka riƙa kumbura. Wata a cikinmu ta yi ɓari a bakin aiki, bayan kwana uku aka kira ta a waya wai yaushe za ta dawo.

Anti ta rubuta takarda zuwa ofis. Ba zagi, ba barazana. Ta roƙi a ƙaro ma'aikata, a tabbatar wa kowa ranar hutunsa. Mu duka muka ce ta rubuta muna bayanta, muka sa hannu.

Manaja ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga ya ɗora yatsa a kan sunana ya ce, "Ke ma kin gaji da aikin ne?" Na ce masa ban karanta ba na sa hannu, Anti ce ta ce in sa.

Ƙarya ce. Ni na gyara mata layin ƙarshe na takardar.

Kusan kowa abin da ya faɗa kenan. Grace kaɗai ta ce ta karanta.

Bayan sati ɗaya muka zo muka tarar da sanarwa manne a bangon kowane ɗaki. Wai hukumar asibiti ta damu ƙwarai da lafiyar ma'aikatanta, don haka daga yau zaman numfashi na minti uku ya zama dole sau biyu a rana. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an soke hutun rabin awa na cin abincin rana, tunda an samar da abin da ya fi shi.

Ya ɗauki abinta ya dake mu da shi. Mu kuma, maimakon mu ji haushinsa, sai muka juya kanta.

Aka sa mata suna Hajiya Numfashi. In ta shigo ɗakin nas-nas sai a yi tsit, wata ta ja dogon numfashi da ƙarfi, a fashe da dariya. Maganar addinin Indiyawa da ta mutu tuntuni aka tono ta, har wata ta ce ta ga Anti tana motsa baki a lokacin zaman, wa ya san abin da take kira. Matar da ba ta taɓa bari azahar ta wuce ta ba, ko da a tsakanin gadaje za ta shimfiɗa ɗankwali.

Ta je ofis ta ce wa Manaja ya cire sanarwar, abin da aka tilasta ba ya aiki, kuma mai yunwa abinci yake buƙata. Ya ce mata, "Sista, na ga ranki a ɓace. Je ki yi minti ukunki."

Wannan maganar ta zama abin wasa a asibitin. Duk abin da ta faɗa, amsar kenan.

Ni ma na faɗa mata. Wata rana da rana ta jingina da bango ta ce, "Hadiza, kaina kamar zai tsage, ki duba min jinina in kin samu sarari." Akwai mutane a wurin, ina so su ga ba na ɓangarenta. Na ce, "Anti, ki ja numfashi mana."

Aka yi dariya. Ta dube ni kawai, ta ɗauki abin awon ta ɗaura wa kanta da hannu ɗaya.

Washegari ta kawo min alale kamar kullum. Na karɓa na ci.

Abin da ya kore ta daga aiki kuwa, ni na yi shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina.

Akwai mata biyu a gadaje maƙwabta, dukansu A'isha. Ɗaya mai ciwon suga ce, ɗayar ba ta da shi. Na zarce aiki tun jiya, ina da ciki wata biyar, rabona da abinci tun safe. Na ɗauki allurar mai suga na yi wa ɗayar. Ba a jima ba matar ta fara zufa, idonta ya juye. Anti ce ta gane abin da ya faru tun kafin kowa, ta ɗaura mata ruwan suga ta jijiya, ta tsaya a kanta har ta farfaɗo. Matar ta rayu, ta koma gidanta lafiya.

Manaja ya tara mu a ofis ya ce wa ya yi allurar. Wurin sa hannu a katin babu komai, don ban kai ga sawa ba.

Ya ce, "Hadiza?"

Na ce, "Ba ni ba ce."

Ni da Anti ne kawai muke aiki a ɗakin mata ranar. Anti ta juyo ta dube ni. Ba harara ba, kallo ne kawai, kamar tana ba ni lokaci in gyara maganata. Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Ni ce babba a ɗakin. Duk abin da ya faru a ciki a wuyana yake."

Dama abin da yake jira kenan. Kafin la'asar an buga mata takardar sallama, an rubuta sakaci a ciki. Aka karɓi makullan kabad ɗin magani a gaban kowa. A bakin get aka sa maigadi ya zazzage jakarta a kan benci, wai a tabbatar ba ta fita da kayan asibiti ba. Tsoho ne da ta sha yi wa matarsa jinya, yana zazzagewa yana cewa, "Ki yafe ni, Sista." Abin da ke ciki carbi ne, da maganin hawan jini, da kwanon da na ci na ba ta ko wankewa ban yi ba.

Ina leƙe ta taga. Ban fito ba.

Da takarda irin wannan, ba asibitin da ya ɗauke ta. Na ji labarin ta zaga har ta gaji. Na ji ta koma zaman gida, maƙwabta na kawo mata yara ta duba musu. Daga baya na ji jinin ya buge ta, hannun hagu ya shanye. Grace tana zuwa duba ta, tana ce min in zo mu tafi. Kullum ina da uzuri. Da na haihu ta aiko da rigunan jarirai da sabulu. Ko tes na godiya ban tura mata ba, don ban san da wane baki zan fara ba.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku kenan, a bakin kasuwar Samaru. Ta dawo daga ganin likita a Shika, tana jiran motar Sabon Gari. Ta rame, tana jan ƙafa, hannun a naɗe cikin mayafi. Na hango ta na juya zan shige layin masu tumatir, sai na ji ta ce, "Hadiza."

Na dawo na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi yaron da sunansa. Ta tambaya ko an ƙaro ma'aikata, na ce a'a. Ta tambaya ko ana yin zaman. Na ce ana yi, amma kowa wayarsa yake latsawa, wasu gyangyaɗi. Ta ce, "Su yi gyangyaɗin, shi suka fi buƙata."

Na ce, "Anti, akwai maganar da nake so in gaya miki, game da ranar nan."

Ta ce, "Na gan ki da sirinjin a hannu. Ba sai kin faɗa ba."

Na ce, "Ki yafe min."

Na ɗauka za ta ce ba komai, don haka na san ta. Ta kalli titi, sannan ta ce, "Allurar ba komai ba ce, kowa yana kuskure in an hana shi barci. Ita ban taɓa riƙe ki da ita ba. Amma ranar da na ce ki duba min jini, wannan har yanzu tana nan. Ba zan yi miki ƙarya in ce na yafe ba. Ina dai ƙoƙari."

Mota ta tsaya. Na riƙe ta ta hau. Ta leƙo ta ce, "Ki zo gida mu zauna. A bakin titi ba a gama irin wannan maganar."

Na ce, "Ranar Asabar in sha Allah."

Ban je ba. Asabar ta farko na ce na gaji. Ta biyu akwai biki a dangin mijina. Ta uku ba ni da wani dalili, tsoro ne kawai.

Yau da na isa asibiti na nemi izinin zuwa gidan rasuwa, Manaja ya ce babu wanda zai fita, hannu ya yi ƙaranci. Wai duk wadda rasuwar ta taɓa, akwai zaman rana, ta yi amfani da shi. Ni da Grace muka cire hula muka ajiye masa a tebur muka fito. Ban sani ba ko gobe ina da aiki. Abin da ya kamata in yi ne shekara biyu da suka wuce, yau kuma bai amfane ta da komai ba.

Mun isa ana fitowa da ita. Gidan cike, har waje. Mata da yawa da ban sani ba, kowacce tana faɗin abin da ta yi mata. Wannan ta karɓi haihuwarta, waccan ta kwana uku a kan ɗanta. Daga asibitin da ta ba shekara ashirin, mu biyu ne, sai tsohon maigadi da ya zauna can gefe yana share ido da hularsa.

Na ja babbar 'yarta, Rashida, zuwa bayan ɗaki. Na gaya mata komai, takardar, da allurar, da maganar jinin. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Mun sani, Anti Hadiza. Yayana ya so ya je asibitin ya tona, ta ce in ya je ba ta yafe masa ba, don kina da ciki."



Ta ce, "Asabar ukun nan, kullum sai ta sa na share falo na ɗora girki da wuri. Ta ce baƙuwa za ta yi. Ta ƙarshen har magariba tana zaune da mayafinta."

Na tambaye ta ko ta bar min wani saƙo. Ta ce a'a.

Shi ya sa na rubuta a nan, inda 'yan ajinmu da waɗanda muka yi aiki tare za su gani. Sista Sikiratu ba ta yi sakaci ba. Ba ita ta yi allurar nan ba, ni Hadiza na yi. Ba ita ta soke mana hutu ba, ita ce ma ta tsaya mana muka watse muka bar ta. Duk wanda ya taɓa jin wani abu saɓanin haka, ya gyara, ya kuma gaya wa wanda ya gaya masa. Ku da muka yi dariyar tare, ba zan kira suna ba, kowa ya san kansa. Gidan yana nan, ana zaman makoki har kwana uku.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Sikiratu. Ka gafarta mata, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka ba ta hutun da muka hana ta. Duk wanda ta taɓa riƙe wa hannu yana cikin ciwo, ka sa ya zame mata nauyi a mizani. Ka ba Rashida da 'yan'uwanta haƙuri, ka tsaya musu yadda ta tsaya wa 'ya'yan mutane.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah kada ku rubuta min cewa ba laifina ba ne. Ku yi mata addu'a kawai, da sunanta, in kun idar da salla. In akwai saura, ku roƙa min Allah ya sa ta ƙarasa ƙoƙarin nan da ta ce tana yi kafin asubar yau.